Shafin Mai Rediyo

Masu karatu, barkanku da hutawa. Wadda ta ɗora tukunya ta je ta rage wuta tukuna, ban son gobe a ce Balki ce ta sa tuwo ya kama. Labarin jikata Nazifa na kawo muku, ita da yaron da ke sonta, da yadda salula ta tashi raba su a tsakar gidanmu da rana tsaka. Kada wadda ta tambaye ni inda na ji abin da ban gani ba. Ɗakinmu ɗaya da yarinyar, kuma Allah da Ya rage mini ido bai taɓa kunne ba.

Nazifa ɗiyar ɗana ce, ɗan farina, Allah Ya jiƙansa. Ba za ku ji sunansa a bakina ba, kun san yadda muke da ɗan fari. Duk Dogon Dutsi Mai Rediyo ake ce masa. Rumfa gare shi a bakin tasha, ya cika ta da matattun rediyoyi har sama, in ya sunkuya kan guda sai a kira shi cin tuwo ya ce yana zuwa, har tuwon ya sandare. Ya rasu Nazifa tana lakwal, wato makarantar boko. Bai bar gona ba, bai bar shanu ba, sai akwatin ƙarfe cike da turnabis na kwance sukurori da guntayen wayoyi. Mu mun ɗauka shara ce. Ita kuwa ta ja akwatin ta tura ƙarƙashin gadonta, kafin mu ankara ta kwance agogon bango ta mayar, ta kwance tocilata ta mayar, har ta fi da haske. Yau ita ke zaune a rumfar ubanta tana gyaran salula, hijabi a ɗaure ta baya don kada ya taɓa wutar dalma, yatsunta duk ƙananan tabon ƙuna a inda 'yan mata ke sa lalle.

Uwarta Habsatu abin nan yana ci mata rai. Sa'annin Nazifa wasu da goyo, wasu har sun yaye, ita kuwa tana can tana leƙen cikin salular 'yan kabu-kabu. Amma Nazifa ce 'yar fari, don haka Habsatu ba ta kiran sunanta, ba ta kuma yi mata zancen aure ido da ido. Sai ta bari yarinyar tana kusa, ta fuskanci kaji tana watsa musu tsaki, ta ce musu ita dai ba ta san namijin da zai so hannu mai warin dalma a cikin tuwonsa ba. Kaji su yi ta tsattsaga, Nazifa ta yi ta murmushi.

Ashe akwai shi. Luƙman sunansa, mushe ne, wato malami, a makarantar lise, lissafi yake koyarwa. Asalin ubansa nan ne, amma a Yamai aka haife shi, can ya tashi, aiki ne ya dawo da shi gida. Dogo ne siriri da tabarau, irin mutanen nan da ke tafiya suna magana da kansu. Ya yi ta kawo salularsa gyara, Nazifa ta buɗe, ta duba, ta rufe, ba ta ga komai ba. Ran nan ta miƙa masa ta ce, "Mushe, salularka lafiyarta lau. Sai dai ko mai ita." An ce ya tsaya yana goge tabarau da bakin riga har mai kabu-kabun da ke jiransa ya gaji ya tafi.

Shi ya kai ta fadarsu. Fada ce ta samari da 'yan mata kaɗan, suna zama ƙarƙashin itacen dogon yaro a bayan lise suna shan shayi, amma ba karta ke tara su ba. Wani abu suke ginawa a cikin salula da ake kira wiki, sun sa masa suna Rumbun Arewa. Nazifa ta ce mini rumbu ne na labari, kowa ya zuba, kowa ya ɗiba. Kowane abu da shafinsa: garin Lugu da nasa, garin Dogon Kiriya da nasa, tsofaffin rijiyoyi, 'yan kokowa, makaɗan goge, har itatuwan da suka ƙare a daji. Su kuma masu aikin gik suke kiran kansu, suna faɗa suna ɗaga kafaɗa kamar an naɗa su sarauta. Na tambaye ta mene ne gik, ta ce mutumin da in ya ga abu a rufe ba ya samun sukuni sai ya ga cikinsa. Na ce ashe ni ma gik ce, don ba gidan da ke rufe a unguwar nan da ban san cikinsa ba.

Magana ta yi nisa tsakaninsu, har aka fara cewa manyansa za su taso daga Yamai bayan girbi su ga baffanta Munkaila, wanda shi ne mai ba da aurenta. Amma Munkaila ba ya motsi sai ya ji ta bakin Habsatu, ita ta sha wahalar rainon marainiya. Saboda haka aka ce yaron ya fara zuwa ya gaishe ta.

Ranar, tun azahar Nazifa ta rufe rumfa. Ta dirje hannunta da toka da lemon tsami, ta sa atamfarta mai ruwan ganye da zanen kifaye, ta ɗaura ɗankwali ta kwance, ta sake ɗaurawa ta sake kwancewa, har na ce mata kan ne bai yi ba ko ɗaurin. Ta share tsakar gida, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta dama fura da nono mai kauri a ƙwaryar baƙi. Bayan la'asar sai ga Luƙman cikin farar shadda da ta sha guga, da hular aro da ta ɗan yi masa yawa. Ya kawo goro da sukari, ni kuma ya kawo mini turare, don tun ranar da na fara ganinsa na gaya masa ni ce uwargida, Nazifa ta biyo baya. Ya bar takalmi a bakin zaure, ya durƙusa har ƙasa, ya yi gaisuwa tsaf. Habsatu tana zaune a bakin ɗakinta, ta ba shi gefe, mayafi ya rufe rabin fuska, tana amsawa a hankali. Na ga ta saci kallonsa, na kuma ga abin da ta gani bai ɓata mata rai ba. Da ya tashi a nan ya tafi, da yanzu tela yana ɗinkin anko.

To amma yaro ya zo da tsarabar da ya fi ji da ita. Ashe ya daɗe yana bin tsofaffin direbobi da masu shago yana tara labarin marigayi, ya yi masa shafi a Rumbun, ya rubuta cewa shi ne gik na farko a Arewa. Kuma dama shi ya ƙirƙiro wata dabara saboda waɗanda ba su yi lakwal ba: ka latsa wani wuri, salula ta karanta maka shafin da murya. Wannan shafin kuwa da muryarsa ya ɗauke shi. Nazifa ta san da shafin, ita ma ta ba shi hoto, ta kuma ga sunan ubanta a sama da manyan baƙaƙe ba ta ji komai ba. Suna a rubuce shiru yake yi, ba ya taɓa kowa.

Ya zaro salula ya ce, "Inna, na kawo miki abin da za ki ji daɗinshi." Ya latsa.

Jama'a, salula ta buɗe baki. Sunan ɗana, tsirara, da na ubansa a haɗe, ba marigayi ba Malam, kamar mushe yana kiran yara a aji. Ba ta tsaya nan ba, kowace magana da sunan take farawa. Nazifa ta ji kamar an watsa mata ruwan randa a baya. Ta dubi uwarta, ta ga hannun da ke riƙe da mayafi ya sandare. Luƙman ma ya gani, ya rikice, ya kai yatsa zai kashe sai ya ƙara ƙarar, ya sake latsawa abin ya koma farko. Har maƙwabciyarmu ta leƙo ta kan katanga. Nazifa ce ta yi tsalle ta fizge salular ta kashe.

Habsatu ta tashi ta shiga ɗaki ta saki asabari. Furar tana nan ƙuda na zagaya ta. Luƙman ya yi ta ba asabari haƙuri, daga baya ya miƙe ya fita, a zaure ma takalmin Munkaila ya fara sawa.

Da magariba ta yi Habsatu ta fito alwala. Wannan karon ba kaji ta gaya wa ba, ni ta gaya wa, Nazifa na tsaye da buta a hannu.

"Inna, duk zaman da munka yi da shi, ko a mafarki ban taɓa faɗin sunan nan ba. Yau yaro ya zo ya zubar mini da shi a tsakar gida awa ruwan wanki. Kuma an ce can ciki yake rataye, kowane ɗan tasha ya latsa ya ji. A ce ma Munkaila kar kowa ya taso daga Yamai."

Nazifa ta san uwarta. Ba mai faɗa ba ce, amma in ta ajiye magana ba ta komawa ta ɗauka. Ta shige ɗakinmu ta kwanta ruf da ciki, atamfar kifaye duk ta yamutse, salularta na ta ƙyalli a gefen matashi. Saƙon Luƙman ne ke shigowa kamar ruwan ƙanƙara. Ya ce pardo, ya ce wallahi bai sani ba, a gidansu a Yamai mamansa da sunan babansa take kiransa, har ta haɗa da tsawa. Ya ce bai ci komai ba, ba zai ci ba. Ya turo hoton fuska mai hawaye har layi ya cika.

Ta rubuta masa, "Nan ba Yamai ba ne." Ta dubi abin da ta rubuta, ta ga ya yi tsauri, ta ƙara, "Ka ci abinci."

Ya ce zai goge shafin yanzu-yanzu, kamar ba a taɓa yi ba. A nan ta tashi zaune. Ta tuna ubanta da turnabis a bayan kunne, ta tuna yadda ake masa dariya ana cewa ya auri rediyo. Tun da ya rasu ba wanda ya taɓa zama ya tara labarinsa sai yaron nan mai hular aro. Ta ce kada ya kuskura ya goge. Ta ce shafin ba shi da laifi, sunan da ke bakin ƙofa ne za a canza, a sa wanda uwarta za ta iya ji. Sai ya ce akwai doka: duk shafin mutum da sunan takardarsa ake sa shi, shi da abokinsa Abdulrazak suka rubuta dokar, kuma ba mai taɓa ta sai fada ta yarda. Ta ce to a tara fada.

Ta ajiye salular ta juyo wajena. Ni ina kan gadona ina jan carbi, kamar ban ji komai ba.

"Kaka, ke ma ya yi miki zafi?"

Na ce mata na ji kamar an kwance mini zane a kasuwa. Amma na ce kuma, a ƙarƙashin kunyar, wani abu ya yi mini sanyi, don na ji an tuna da shi. Ta zo ta ɗora kanta a cinyata kamar tana ƙarama. Na ce ta ɗaga mini, kishiya ba ta kwana a cinyar uwargida. Ba ta ɗaga ba, ni ma ban ture ta ba.

Kwanakin da suka biyo baya gidan ya yi tsit. Habsatu na aikinta, tana ba Nazifa tuwo da miya mai yawa kamar kullum, amma ko kaji ba ta ƙara yi wa zancen aure ba, wannan kuwa ya fi faɗan ciwo. Luƙman ya turo wani malami abokin aikinsa da ban haƙuri, ta karɓe shi da mutunci, ta ce ba komai, yaro ne. Kun dai san "ba komai" ɗin da ke da komai a ciki.

Ranar Lahadi da yamma fada ta cika. Nazifa ta je da baƙin hijabinta na aiki, ba kwalliya, ta zauna a bakin benci. Abdulrazak shi ne mai tsaron dokokin Rumbun, ma'aikaci ne a wani ofis, gajere mai ɗan tsirin gemu, mutumin da ko kumfar shayi sai ya duba ta kai ko ba ta kai ba. Ba mugu ba ne, kuma ba maganar banza ya yi ba. Ya ce laƙabi maimaita kansa yake: akwai Mai Rediyo a Matankari, akwai wani a Tibiri, in an jima ba a san wane ne wane ba. Ya ce sunan takarda ne kawai ba ya gardama.

"Mu gik ne, ba masu tatsuniya ba," in ji shi. "In munka biye ma kunyar kowace tsohuwa, gobe rabin shafukan sun koma Wane da Baban Wance. Kuma mu faɗi gaskiya, don aure aka so a karya doka."

Aka yi dariya. Wani ya buga benci, wata ta ce a bar amarya ta yi magana. Kunnuwan Nazifa suka yi zafi a cikin hijabi. Ta so ta ce ba haka ba ne, amma ƙarya ba ta zauna mata a baki ba.

"E, don aure ne," ta ce. "Ban ɓoye ba. Da ba don shi ba da har yau ban gane ba. Amma ku gaya mini, muryar da munka sa ma Rumbu, don wa munka sa ta? Don waɗanda ba su karatu. Su wa ke nan in ba iyayenmu mata ba? Mun gina musu ɗaki, mun ɗaure kare a bakin ƙofa. Uwata ba ta iya ce ma yaro buɗe mini shafin wane. Ba ta iya zama a kunna shi gabanta. Mijinta ne fa."

Abdulrazak ya ce yana tausaya mata, amma Rumbu na masu gina shi ne, kuma bai taɓa ganin Inna Habsatu ta rubuta ko layi ɗaya a ciki ba. Ya juya wajen Luƙman yana jiran ya tare masa, don tun suna ɗalibai a Yamai ba su taɓa rabuwa a kan magana ba. Luƙman yana ta juya kofin shayi a hannu, ya rame kamar wanda ya tashi daga zazzaɓi. Nazifa ba ta dube shi ba, amma zuciyarta na wajen.

Ya ce su biyu suka rubuta dokar nan a ɗakin kwanan ɗalibai, ba su tambayi kowa ba, a lokacin ba su ma san wanda za su tambaya ba. Ya ce da ya je tasha neman labarin marigayi, da sunan takarda ya fara tambaya, tsofaffin direbobi suka yi ta kallon juna, suka ce ba su san mai wannan suna ba. Sai da ya ce Mai Rediyo suka ja masa kujera. Sannan ya ce, "Mutumin da munka ce shi ne gik na farko bai taɓa jin kalmar gik ba. Mun sa shi cikinmu ba mu tambaye shi ba, mun kuma hana matarshi shiga. Ni na yi kuskuren, ni nake roƙo."

Mai zuba shayin ranar Manu ne, ɗan rugar da ke kusa da Dogon Kiriya, yana koyon aikin likitan dabbobi. Ba mai yawan magana ba ne. Ya ɗaga buta sama yana tsiyayawa, ya ce shi ɗan fari ne, tun da aka haife shi innarsa ba ta taɓa kiran sunansa ba, in tana nemansa sai dai ta ce kai. Ya ce ran da ya mutu in aka yi masa shafi da sunan takarda, to ita aka rufe wa ƙofa. Wata daga baya ta ce ya fara yin abin da za a yi masa shafi tukuna. Aka kwashe da dariya har shi, shayin ya zube a ƙasa, wurin ya ɗan saki.

A nan Nazifa ta kawo abin da ta kwana tana juyawa a kai. Ta ce ba sai an jefar da sunan takarda ba. A sa a bakin ƙofa sunan da iyalin mutum suka yarda a faɗa da murya. Sunan takarda ya zauna a ciki, a rubuce, murya ta tsallake shi. Wanda kuma ya nemi mutum da sunan takarda, Rumbu ya ja hannunsa ya kai shi shafin nan dai. Ƙofa biyu, ɗaki ɗaya.

Abdulrazak ya ce ba za ta yiwu ba, murya ba ta san tsallake ba. Nazifa ta ce za ta sani in an koya mata, ta faɗi yadda za a yi. Ya ce a'a, haka zai ɓata sauran shafukan, ya jawo jakarsa ya zaro na'urarsa don ya nuna mata inda ta yi kuskure. Masu karatu, kun ji halin gik. Kafin a zuba shayi na biyu ya manta da ana gardama, shi da ita sun haɗa kai kan na'ura suna musun inda za a sa wata alama, Luƙman yana tsaye a bayansu yana riƙe musu da waya. Da abin ya yi, Abdulrazak ya shafa gemu ya ce shi bai ce sun yi gaskiya ba, ya dai ce ana iya yi. Ya kafa sharaɗi: a ƙara sunan wuri a jikin laƙabi don kada a rikice, kuma dokar ta hau kan kowa, ba surukin Luƙman kaɗai ba. Duk shafukan mutanen da aka riga aka yi, Nazifa da Luƙman ne za su bi gida-gida su tambayi iyalan sunan da suke so, tun da su suka jawo. Fada ta yarda. Wasu don sun gamsu, wasu don magariba ta kawo jiki.

Saura babban aiki. Nazifa ta san in ta kai wa uwarta salula ta ce saurara, ba za ta saurara ba. Da safe Habsatu ta zauna a inuwar rumbu tana tsinke zogalen da za ta yi kwaɗo, ni ina gefe ina shan hantsi. Nazifa ta zo ta ajiye salularta a kan tabarma, ta ce da ƙarfi, wai da ni take, "Kaka, ga abin nan an gyara. In kina so ki ji, nan za ki latsa, wurin kore." Ta ɗauki guga ta shige bayan zana wai za ta yi wanki.

Na ɗauki salular na kai ta kusa da hanci, na nisanta ta, na ce idon nan ya gama yawo, kore da ja duk ɗaya ne a wurina. Na ce Habsatu ta latsa mini. Ta yi kamar ba ta ji ba. Na ce to shi ke nan, tsohuwa ta mutu ba ta ji labarin ɗanta ba. Ta goge hannu a zane, ta miƙo yatsa kamar mai taɓa garwashi, ta latsa.

Muryar yaron ce, amma a hankali, kamar mai magana a gaban manya. "Mai Rediyo na bakin tasha, Allah Ya jiƙansa." Habsatu ta tsaya da reshen zogale a hannu. Aka faɗi rumfarsa. Aka faɗi yadda yake hawa amalanke ya je har ruga ya gyara wa makiyaya rediyo, su ba shi nono ya dawo yana murna kamar an ba shi sa. Aka faɗi daren da aka yi babbar kokowa, duk tasha ta taru a rumfarsa don rediyonsa ne kaɗai ya kama. Daga farko har ƙarshe sunan bai fito ba. Ban dube ta ba, ita ma ba ta dube ni ba, amma na ga ganyen da ke cikin faranti yana jiƙewa, kuma ba a zuba masa ruwa ba.

Da muryar ta tsaya sai Habsatu ta ja hanci ta ce akwai kuskure. Ba a Yamai ya koyi gyara ba, a Kamba ya koya, wurin wani Bayarabe. Ta ce kuma ba a faɗi rediyon da ya haɗa a cikin ƙwarya ba, wanda ya aiko mata da shi lokacin yana neman aurenta, ta ɓoye shi a cikin rumbun uwarta tana sa kunne a hankali. Ni da na haife shi ban taɓa jin wannan ba.

"Ki ce ma yaron nan ya zo ya gyara," in ji ta. "Ya zo da abin ɗaukar maganar. Kuma a gaya ma Munkaila, in an gama girbi hanyar Yamai ba ta da laka."

Na ce wane yaro, yara sun yi yawa a garin nan.

"Mai tabarau."

Na ce masu tabarau a lise sun fi a ƙirga, ta faɗi sunansa kada in aika a kira wani.

Habsatu ta ja mayafi ta rufe baki, ta sunkuyar da kai kan zogalenta.

"Haba Inna. Da bakina?"

A garinmu mace ba ta kiran sunan surukinta. Can bayan zana sai muka ji guga ya suɓuce ya faɗi, ruwa ya malalo ta ƙarƙashi har ya taɓa bakin tabarmarmu, ba kuwa wadda ta ce a zo a share.